Hamburg, garin da 'yan kasuwa suka gina: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Tun da na zauna a Hamburg 'yan uwa da abokai ke jefo min tambayoyi, wasu a waya wasu in na je gida hutu, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in zauna in tattara su wuri guda. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, wannan gari 'yan kasuwa ne suka gina shi, su suka mulke shi, kuma alherinsa da sharrinsa duk daga nan suka ɓullo.

Wai ina ne Hamburg ɗin, a bakin teku yake?

A arewacin Jamus yake, shi ne gari na biyu a girma bayan Berlin, mutanensa sun kusa miliyan 1.9. Kuma ba a bakin teku yake ba, wannan shi ne abin da ke ba baƙo mamaki, don sai ka ga jirgin ruwa kamar unguwa guda yana wucewa ta tsakiyar gari ka ɗauka teku ce, alhali kogin Elbe ne, sai jirgi ya yi tafiyar wajen kilomita 100 daga nan kafin ya faɗa Tekun Arewa. Ruwa ko ta ina, gadoji kusan 2,500. Garin kuma jiha ce mai zaman kanta cikin jihohi 16 na Jamus, magajin garin shi ne kamar gwamna.

Yaushe aka kafa shi?

Asalinsa wata 'yar ƙaramar ganuwa ce ta ƙasa da itace da ake kira Hammaburg, a tsakanin kogin Alster da Elbe, tun wajen ƙarni na 9. Daga nan sunan ya fito. Sarakunan Frank, masu mulkin yankin a wancan lokaci, su suka turo wani malamin coci mai suna Ansgar ya zauna a wurin don ya riƙa kai addinin Kirista ƙasashen arewa, sai a 845 mayaƙan Viking suka hawo kogi da jiragensu suka ƙone wurin ƙurmus, shi Ansgar ya tsira da ƙyar ya koma Bremen. Bayan nan ma an sake ƙona garin ba sau ɗaya ba, amma mutane na dawowa, saboda wurin mashiga ce kuma mahaɗar hanya, ɗan kasuwa kuwa ba ya barin irin wannan wuri.

Me ya sa duk watan Mayu ake bikin ranar haihuwar tashar jiragen ruwa?

Saboda wata takarda. An ce ranar 7 ga Mayun 1189 sarkin sarakuna Frederick Barbarossa ya ba mutanen Hamburg izinin jiragensu su bi Elbe har teku ba biyan kuɗin fito. To amma masana tarihi sun gano takardar da ke hannu an rubuta ta ne wajen 1265, shekaru da yawa bayan mutuwar sarkin, wato dattawan garin ne suka sa aka rubuta abin da suke so aka manna hatimi. Da wannan takarda suka yi ta kare haƙƙinsu shekaru ɗaruruwa. Ni dai a ganina ba abin alfahari ba ne, jabu jabu ne, amma tana nuna maka abin da ya fi damun mutanen garin tun fil azal: kar a taɓa musu hanyar fatauci. Bikin kuwa har yau ana yi, mutane maƙil a bakin kogi kwana uku.

Mece ce Hansa da ake ta liƙa wa sunan garin?

Ƙungiyar fatake ce. Ka san yadda a da fatakenmu masu zuwa Gwanja sayo goro ba sa tafiya ɗaiɗai, sai a haɗu a yi ayari da madugu saboda 'yan fashi da masu karɓar kuɗin hanya? To haka su ma, sai dai nasu ya girma har ya koma ƙawancen garuruwa kusan 200, da ofisoshi a Landan da Bruges da Bergen da Novgorod can Rasha. A 1241 Hamburg ta ƙulla yarjejeniya da Lubek, ita Lubek tana fuskantar Tekun Baltik, Hamburg na fuskantar Tekun Arewa, sai kaya su sauka a ɗaya a ɗauke su ta tudu zuwa ɗayar. Gishiri daga Luneburg, kifi, hatsi, katako, fatu, yadin Flanders. Ita Hamburg abin da ta fi fitarwa giya ce, gaskiya ke nan, a ƙarni na 14 gidajen dafa giya sun haura 400 a ɗan garin nan. A 1350 annobar da ta cinye Turai ta iso ta kashe kusan rabin mutanen garin, duk da haka kasuwa ba ta mutu ba. Har yanzu lambar motocin garin HH ce, wato garin Hansa Hamburg, kuma mutanen suna ji da wannan suna sosai.

Gaskiya ne an yanke wa wani ɗan fashi kai ya tashi ya yi tafiya?

Klaus Störtebeker ke nan, shugaban 'yan fashin teku da suka addabi jiragen fatake. An kamo shi da mutanensa aka fille musu kai a Grasbrook wajen 1401. Labarin cewa ya roƙa a saki duk wanda gangar jikinsa ta wuce ta gabansa, ya kuma wuce mutum 11 ba kai, tatsuniya ce da ake ba yara. Amma mutum-mutuminsa na nan tsaye a wurin.

To waye sarkin Hamburg?

Babu. Wannan yana ba mutanenmu mamaki ƙwarai, gari guda ba fada ba sarki. A da majalisar manyan attajirai ce ke mulki, su ke zaɓen magajin gari a tsakaninsu. Sarkin Denmark ya daɗe yana cewa garin nasa ne, sai a 1768 ya haƙura, bayan an yafe masa bashi mai yawa, ka ga ko 'yancin ma da kuɗi aka ƙarasa sayen sa. Altona da yanzu unguwa ce a cikin gari, a hannun Denmark take har 1864.

Dabararsu ita ce buɗe ƙofa ga duk mai jari. A 1558 suka buɗe kasuwar hannun jari, suka karɓi fataken Ingila, da 'yan Holan masu gudun yaƙi, da Yahudawan Fotugal. Daga 1616 zuwa 1625 suka kashe maƙudan kuɗi suka zagaye garin da ganuwa mai ƙarfi, shi ya sa yaƙin shekara 30 da ya ɗaiɗaita Jamus daga 1618 zuwa 1648 bai shigo ba, su ma ciniki suka yi ta yi a lokacin. Wanda ya karya su shi ne Napoleon. Sojojin Faransa sun riƙe garin daga 1806 zuwa 1814, kuma a hunturun ƙarshen 1813 kwamandansu Davout ya sa aka kori talakawan da ba su da abincin ajiya daga cikin ganuwa, dubban mutane cikin tsananin sanyi, sama da 1,000 suka mutu.

In garin ya kai shekara dubu, ina tsofaffin gine-ginen?

Wuta ta ci. Daren 5 ga Mayun 1842 gobara ta tashi a wani gida a titin Deichstrasse, ta yi ta ci har 8 ga wata, gidaje wajen 1,700 suka tafi, mutum 51 suka rasu, kimanin 20,000 suka rasa matsuguni. Har tsohon ginin majalisar gari sai da aka tarwatsa da albarushi wai don a datse wutar, ba ta tsaya ba. Wanda ake gani yanzu mai ɗakuna 647 a 1897 aka gama shi. Bayan gobarar wani injiniya Baturen Ingila, William Lindley, ya tsara musu magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa da famfo. Abin da wutar ta bari kuma yaƙin duniya na biyu ya zo ya ƙarasa. In ka je Deichstrasse yau za ka ga 'yan gidaje ƙalilan da suka rage, sirara dogaye, ƙofa ɗaya na kallon titi ɗaya na kallon ruwa inda kwale-kwale ke sauke kaya.

Na ji an ce an taɓa yin kwalara a can, a Turai kuma?

An yi, kuma wannan labarin shi ya fi tsaya min a rai a duk tarihin garin. A watan Agustan 1892, lokacin Hamburg na cikin garuruwa mafi arziki a duniya, amai da gudawa ya ɓarke, mutum wajen 17,000 suka kamu, kimanin 8,600 suka mutu cikin 'yan makonni. Dalili? Ruwan famfon garin kai tsaye daga Elbe ake jawo shi ba tacewa, kogin da kuma ake zuba ƙazantar gari a ciki. Har ƙananan kifaye da tsutsotsi na fitowa a bututun ruwa, kowa ya sani. Shekara da shekaru ana maganar gina matatar ruwa, majalisar attajirai na ta jan ƙafa saboda kuɗi, alhali a daidai wannan lokaci sun zuba dukiya mai yawa wajen gina sabbin sito-sito na tashar jiragen ruwa, har suka tashi mutane kusan 20,000 daga gidajensu don samun fili, waɗannan mutane suka je suka cunkushe a lungunan da cutar ta fi yi wa ɓarna.

Altona da ke manne da su, ruwan kogi ɗaya suke sha, amma su suna tace nasu da yashi, sai cutar ta taɓa su kaɗan kawai. Akwai inda titi ɗaya ne ya raba garuruwan biyu, wannan gefe ana ta fitar da gawa, wancan gefe lafiya lau. Abin da ya fi ciwo, hukuma ta yi kwanaki tana ɓoye maganar don kar a rufe tashar, jirage suka ci gaba da tashi da fasinja har suka kai cutar New York. Da likita Robert Koch ya zo daga Berlin ya zaga unguwannin talakawa, cewa ya yi ya manta a Turai yake. Shekara ɗaya kacal bayan nan, 1893, aka gama matatar da aka ce ba kuɗin yin ta. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a lokacin kwalara a damina ya san abin da wannan jinkiri yake nufi.

Akwai wata alaƙa tsakanin Hamburg da ƙasar Hausa?

Sosai ma, fiye da yadda ake zato. Na farko, Heinrich Barth, Baturen da ya kira kansa Abdulkarim, a Hamburg aka haife shi a 1821. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya bi ta Agadas da Katsina ya shiga Kano a Fabrairun 1851, daga baya ya je Kukawa da Yola da Sakkwato har Tumbuktu. Ya koyi Hausa, kuma abin da ya fi burge shi a Kano shi ne saƙa da rini da yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Ban yi mamaki ba, ɗan garin fatake ne ya ga garin fatake. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg shi ma ɗan Hamburg ne, ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852. Da Barth zai koma a 1855 ya tafi da yara biyu, Dorugu da Abbega, kuma labaran da Dorugu ya bayar a Turai suna cikin Hausar farko da aka rubuta da boko.

Na biyu, wuri, wato kuɗin wuri na da. Wannan mutane da yawa ba su sani ba. Daga wajen 1845 kamfanonin Hamburg irin su Hertz da O'Swald suka gano cewa a Zanzibar wuri arha yake kamar banza, a Afirka ta Yamma kuma kuɗi ne, sai suka riƙa cika jirage da shi suna saukewa a Legas da maƙwabtanta suna sayen manja. Wurin ya yi ta kwararowa har arewa, ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ta kai ɗaukar kuɗin ma ya zama wahala. Wato mutum na Kano ko Zariya dukiyarsa na narkewa a hannunsa, wanda ya jawo abin kuwa yana zaune a ofis a bakin Elbe.

Na uku, Kamaru. Kamfanin Woermann na Hamburg ya daɗe yana ciniki a Duwala, babban abin da yake kaiwa kuma barasa ce. Wakilansa da na wani kamfanin Hamburg ɗin ne suka sa hannu a yarjejeniya da sarakunan Duwala a Yulin 1884, daga nan Jamus ta kafa tuta, ta yi ta matsawa arewa har sojojinta suka ci Garwa da Marwa a 1901 da 1902. Jiragen Woermann ɗin ne kuma suka yi jigilar sojojin da suka yi wa al'ummar Herero kisan kiyashi a Namibiya daga 1904. Mai gidan namun daji Carl Hagenbeck har mutane ya riƙa kawowa daga Afirka da wasu wurare ana biyan kuɗi ana kallon su. Wannan ɓangare garin bai daɗe da fara maganarsa a fili ba. A 2022 gidan tarihinsu ya miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagullar Benin 179 da ke hannunsa.

Cibiyar horar da ma'aikatan mulkin mallaka da aka buɗe a 1908 ita ce ta zama tushen jami'ar Hamburg a 1919, kuma a nan aka daɗe ana koyar da Hausa da nazarin harsunan yankin Chadi.

Yaya garin ya kasance lokacin Hitler?

A 1937 gwamnatin Nazi ta haɗe Altona da Wandsbek da Harburg cikin Hamburg, iyakar garin ta yau ke nan. Yahudawan garin, waɗanda kakanninsu suka taya gina kasuwar, aka ƙwace dukiyarsu aka kwashe su a jiragen ƙasa, kusan 10,000 aka kashe. A Neuengamme, gefen gari, an yi sansanin azabtarwa inda sama da mutum 42,000 suka mutu a cikinsa da rassansa. In kana tafiya a unguwar Grindel kusa da jami'a ka duba ƙasa, za ka ga ƙananan faranta na tagulla a ƙofar gidaje, kowanne da suna da shekarar haihuwa da inda aka kashe mai sunan. Akwai ƙofar da na ƙirga shida, sunan gida ɗaya, ƙaraminsu yaro ne. Na daɗe a tsaye a wurin.

Sai kuma Yulin 1943, jiragen Ingila da Amurka suka yi ta ruwan bama-bamai kwana da kwanaki. Daren 27 ga wata gobarar ta haɗe ta zama guguwar wuta a unguwannin ma'aikata, Hammerbrook da Hamm da Rothenburgsort, kwalta ta narke, mutane suka shaƙe a ɗakunan ɓuya na ƙarƙashin ƙasa. Kimanin 37,000 suka mutu, kusan miliyan guda suka gudu daga garin. Cocin Nikolai da hasumiyarsa ta taɓa zama gini mafi tsawo a duniya, mita 147, an bar shi a ƙone har yau don tunawa. Ranar 3 ga Mayun 1945 garin ya miƙa wuya ga sojojin Ingila ba faɗa.

Bayan yaƙi fa, ta yaya suka farfaɗo?

Da wuya. An raba Jamus biyu, iyaka ta faɗo kilomita 50 kacal gabas da garin, ƙasashen da ke aiko kaya ta Elbe suka faɗa ɗaya ɓangaren, ciniki da su ya ragu ƙwarai har 1990. Sai garin ya kama wasu sana'o'i, manyan jaridu irin su Der Spiegel da Die Zeit a nan suke, ga masana'antar jiragen sama ta Airbus. A daren 16 ga Fabrairun 1962 ambaliya ta fasa madatsu mutane na barci, 315 suka rasu, yawancinsu a Wilhelmsburg inda masu ƙaramin ƙarfi ke zaune a gidajen wucin gadi. Helmut Schmidt da ke riƙe da 'yan sandan garin ya kira sojoji da jirage masu saukar ungulu ba tare da jiran izini ba, wannan ya ɗaga sunansa har ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a 1974. Cikin tsofaffin shugabannin gwamnatin Jamus, Olaf Scholz ma ya yi magajin garin nan daga 2011 zuwa 2018, Angela Merkel kuma a nan aka haife ta.

Kwantena ta fara zuwa a 1968, ta kashe aikin dubban 'yan dako, tsohuwar tashar ta zama kango. Yanzu a wurin ake gina sabuwar unguwa, HafenCity, da katafaren zauren kiɗa Elbphilharmonie da aka buɗe a 2017, wanda aka fara cewa gari zai biya yuro miliyan 77 aka ƙare ya biya kusan miliyan 800. Haya a wannan unguwa ba ta talaka ba ce. Tashar kuwa ita ce ta uku a Turai wajen kwantena, bayan Rotterdam da Antwerp.

Hamburger da ake ci daga can ya fito?

Sunan daga can ne. Tsakanin 1850 da 1934 mutane wajen miliyan 5 suka bi ta Hamburg zuwa Amurka neman rayuwa, a can Amurkan aka riƙa kiran niƙaƙƙen nama da sunan garin, a can kuma aka saka shi cikin burodi. Su mutanen Hamburg burodi da kifi suka fi so.

Akwai Musulmi da 'yan Afirka? Mutum zai samu masallaci?

Akwai da yawa. Turkawa sun fara zuwa aiki bayan 1961, ga 'yan Afganistan da Iraniyawa da Larabawa. In ka fito babbar tashar jirgin ƙasa ka shiga titin Steindamm, masallatai ne a jere a benaye da bayan shaguna, ga naman halal ga dabino, ranar Juma'a sahu har waje. A 2012 Hamburg ta zama jiha ta farko a Jamus da ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi, aka amince da ranakun Sallah. Masallacin Al-Nour a unguwar Horn tsohon coci ne da aka saya aka gyara, aka buɗe a 2018.

'Yan Gana sun fi kowa yawa a cikin 'yan Afirka, har a Gana ana ce wa wanda ya dawo daga Turai boga, daga sunan garin, kuma a cikinsu akwai 'yan zango masu jin Hausa. Amma kar kowa ya ɗauka hanya a share take. A 2013 'yan Afirka ta Yamma wajen 300 da yaƙin Libiya ya koro ta Italiya sun yi ta kwana a titi ba takarda ba izinin aiki, sai wani coci a St. Pauli ne ya buɗe wa wasunsu ƙofa. Dan Allah ƙannena masu shirin bin sahara, ku riƙa tambayar waɗanda suka riga ku kafin ku sayar da gona.

In na samu kwana ɗaya kawai a garin, ina zan je?

Fara da Speicherstadt, sito-siton jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turakun itace cikin ruwa, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Har yanzu akwai dillalan darduma 'yan Iran a ciki, kuma ta wata ƙofar ƙanshin gahawa zai tare ka. Daga nan ka taka zuwa Nikolai, minti goma ne, ka hau hasumiyar. Da la'asar ka shiga jirgin ruwa mai lamba 62 a Landungsbrücken, tikitin bas na gari ya isa, ka ga kwantenoni kamar duwatsu. In da sauran lokaci ka leƙa titin Billstrasse a Rothenburgsort, unguwar nan da wuta ta cinye a 1943, a nan ake tara tsofaffin firji da talabijin da tayoyi da kayan gwanjo ana cusa su a motoci da kwantena, da yawansu Kwatano da Legas da Tema za su. Ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne, iskar Elbe ba ta da sabo.